Tannie Magrieta da Inuwar da Ta Nufi Kudu

Ranar Alhamis ake gwanjon tumaki a garinmu, saboda haka ranar ce mutanen gonakin Karoo, busasshen yankinmu na can kudancin duniya, suke shigowa gari. Kafin motar farko ta iso, Tannie Magrieta Booysen ta riga ta buɗe ɗan ɗakin nan na bayan coci, ta ɗora butar shayi, ta jera busasshen burodin da take gasawa da hannunta, ta ja kujera bakin taga inda haske ya fi. A nan duk macen da ta isa ta haife ka Tannie za ka ce mata, amma in ka ji an ce Tannie kawai ba a haɗa da suna ba, to ita ake nufi. Aikinta na safe bai canzawa. Za ta ɗauko littafin da wani yaro ya gama, ta bi shi shafi-shafi tana goge amsoshin fensir, don ƙanin wani ya same shi kamar sabo. Shi ya sa dokarta ta farko ita ce ba a rubutu da biro a littafin aro.

Malamar makarantar gona ce a da. Da yara suka yi ƙaranci aka rufe makarantar, sai iyaye suka rage da zaɓi biyu: ko ka kai ɗanka makarantar kwana a babban gari, ko ka zauna ka koyar da shi a teburin cin abinci. Da yawanmu muka zaɓi teburin, ba don mun san abin da muke yi ba. Ita kuwa maimakon ta je ta huta, sai ta kwaso ragowar littattafan makarantar, ta roƙi limamin coci ɗaki, ta fara ba da aro. Babu wanda ya ɗauke ta aiki, babu wanda ya taɓa biyan ta.

Wanda bai taɓa zama da iyaye masu koyar da yara a gida ba bai san musu ba. Kowace uwa da manhajar da take so, kuma tana kare ta kamar 'yar cikinta. Akwai masu ta Amurka, wadda ke zuwa cikin ƙaton kwali da hotuna masu launi da littafin amsoshi na uwa. Akwai mu masu ta Ingila. Akwai masu bin ta gwamnati sau da ƙafa, akwai kuma masu cewa a saki yaro ya bi tumaki, ilimi zai same shi a can.

"Ke Ronel, har yanzu kina fama da littattafan nan naki marasa hoto?" Hanlie maƙwabciyata za ta ce da ni. "Yaranki ba sa barci a kai?"

"Suna yi mana. Naki fa? Kwalin da sai an kira ƙarti biyu sun sauke shi, yaro bai kai rabi ba shekara ta ƙare."

Mu juya gaba ɗaya mu ce, "Tannie, raba mana gardama. Wacce ta fi?"

Ko ɗago kai ba ta yi. "Ku sha shayinku kafin ya huce," shi ne abin da muke samu. In kuwa sabuwar uwa ce ta zo da gaske tana neman shawara, sai ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Kawo min yaron in gan shi tukuna, 'yata. Ba ke za ki sa takalmin ba." Ta zauna da yaron a ƙasa, su yi hira, sannan ta ba uwar aron littattafai ta gwada wata biyu ko uku kafin ta sayi nata. A duk shekarun nan ban taɓa jin ta yabi wata manhaja ko ta kushe wata ba, kuma Allah ya sani mun yi ta jan bakinta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne labarin Asemahle, don a gabana aka yi shi.

Asemahle 'yar Zukiswa ce da Mzwandile Dyantyi, wanda ke kula da wata gonar awaki a bayan tsauni. Yarinyar tana da farfaɗiya. Sun taɓa kai ta makarantar kwana, wata safiya aka tsince ta a ƙasa gefen gadonta da tsagaggen leɓe, ba wanda ya san lokacin da ta faɗi. Zukiswa ta ɗauko 'yarta ta ce ta bar kwana a hannun wasu. Ta sayi manhajar Amurka, wadda rabin iyayen yankin ke rantsuwa da ita, ta zage damtse. Mace ce mai tsari, kullum da safe littafin amsoshi yana hannunta na hagu, jan biro yana na dama.

Sai karatu ya ƙi. Yarinyar da bakinta bai rufuwa ta koma shiru. In an yi mata tambaya sai ta kalli fuskar uwar ta ce, "Me littafin yake so in ce?" Daga baya ma ta daina ɗaukar fensirin. Mzwandile ba mugu ba ne, uba ne da ke tsoron 'yarsa ta tashi ba ilimi. Ya ce ya ba su zuwa ƙarshen shekara. In malamar da ke zuwa duba karatun yaran gida ta ce babu ci gaba, to watan Janairu Asemahle za ta koma makarantar kwana. Har ya sayo akwatin ƙarfe ya ajiye a bayan ƙofa, inda uwa da 'ya ke ganin sa kullum.

Wata Alhamis Zukiswa ta jira kowa ya watse, sai ni da nake wanke kofuna. Ta zauna gaban Tannie, hawaye ya ɓalle mata.

"Mama, ko in canza manhaja ne? Ko in gwada ta su Ronel? Ko dai ciwon ne ya taɓa mata kai?"

"Kada in ƙara jin wannan daga bakinki," in ji Tannie. "Kuma kada ki sayi komai. Ronel, akori-kurata tana wurin bakanike, Asabar za ki kai ni."

Ba tambayata ta yi ba, gaya min ta yi. Muka isa gonar da hantsi. Tannie ta ƙi zama a falo, ta nemi littattafan da yarinyar ta yi aiki a ciki, ta kai su kusa da idonta tana bin jan biron. Na leƙa ta kafaɗarta. An tambaya wane wata ne ake sa rigar sanyi, Asemahle ta rubuta Yuli, an soke. An ce ta zana gidansu ranar Kirsimeti, ta zana rana ƙatuwa da awaki suna neman inuwa, an rubuta a ƙasa a tambaye ta ina dusar ƙanƙara. An ce ta kafa sanda da tsakar rana ta faɗi inda inuwa ta nufa, ta rubuta kudu, an soke da ƙarfi har takardar ta huje, an gyara mata arewa.

Tannie ta rufe littafin ta ce, "Asemahle, ɗauko min tsintsiyar nan mai dogon kota."

Muka fita tsakar gida, rana tana tsaka. Ta sa yarinyar ta tsayar da kotar a ƙasa.

"Ina inuwar za ta nufa?"

"Arewa," in ji Asemahle, idonta a kan uwarta.

"Ba fuskar mamanki na ce ki karanta ba. Ina arewa a gidan nan?"

Ta nuna tsauni. Duk yaron da ya tashi a nan ya san wannan.

"To dubi ƙasa."

Inuwar ta ba tsaunin baya, ta miƙe ta nufi garken awaki. Yarinyar ta daɗe tana kallo. Can ta ce, da wata 'yar murya, "Kudu ce. Ai na faɗa."

"Kin faɗa, 'yar nan. Tun farko kin faɗa."

Zukiswa ta zauna a kan dutse ta dafe kai. "Mama, a nan aka haife ni. Na san Disamba zafi ake yi kamar a gasa mutum. Amma in na ga littafin amsoshi ya ce wani abu, sai in ce su da suka rubuta sun fi ni sani."

"Dukanmu haka muke yi," in ji Tannie. "Nima na koyar da yara waƙar dusar ƙanƙara muna zufa. Littafin bai yi ƙarya ba, a garinsu haka abin yake. Baƙo ne, bai san gari ba. Nuna masa za mu yi."

Asemahle ta ce, "Tannie, ke nan littafi ma yana faɗuwa jarrabawa?"

"Sosai ma. Ari jan biron mamanki ki gyara masa."

Dariyar da yarinyar ta yi ranar har yau tana kunnena. Ni kuwa haushi ne ya kama ni a hanyar dawowa, na yi ta faɗa a kan masu sayar mana da kaya daga wata duniya ba su damu da inda rana take fito mana ba. Tannie ta bar ni na gaji, sannan ta tambaye ni ko na duba nawa na Ingila. Ban taɓa dubawa ba. Na ci gaba da tuƙi.

Tannie ta tafi da kwalin littattafan Asemahle gaba ɗaya. Duk tsawon sanyin shekarar tana bakin tagar nan da almakashi da gam da farar takarda. Inda littafi ya ce a shuka wake a Afrilu, ta liƙa Oktoba. Inda ya zana taurarin da ba ma gani, ta zana namu. Inda aka ce yaro ya lissafa dabbobin dajinsu, ta bar nasu a gefe ta buɗe fili don namu, ta rubuta a sama: can, da nan. Lokacin idonta ya riga ya fara ba ta matsala, likita ya ce ta rage karatu. Sai ta sayo gilashin ƙara girman rubutu ta ci gaba. Duk sashen da ta gama, ranar Alhamis Mzwandile ya karɓa ya kai gida, yana ɗan ɗaure fuska.

Tannie, ke ce kika zauna da littafin da ba naki ba, don 'yar da ba ke kika haifa ba, kika kashe sauran hasken idonki a kansa. Ke ce ba ki taɓa sa uwa ta ji kunyar kuskurenta ba. Uwar ɗakin bayan coci, mun gani, ko da ba mu faɗa ba a lokacin.

Ranar da malamar duba karatu ta je gonar ba na nan, Zukiswa ce ta ba ni labari tana yi tana tafa hannu. Malamar ta tambayi Asemahle wane lokaci ne yini ya fi tsawo a shekara. Yarinyar ta gyara zama ta ce, "A nan ko a can?" Ta ba ta amsa biyun, ta ƙara da dalili. Daga nan bakinta ya buɗe, lissafi, karatu, har sai da malamar ta ce ta ji, ya isa haka. Mzwandile yana tsaye bakin ƙofa da hularsa a hannu. Washegari ya ɗauke akwatin ƙarfen ya kai rumbu ya zuba maganin awaki a ciki.

Yanzu idon Tannie ya ƙi, za ta koma wurin ɗanta a bakin teku. Ga abin da nake roƙon iyayen yankin nan: ɗakin yana nan, kuma kwalaye na ta zuwa daga ƙasashen da ba su san mu ba. Mu rage musun wacce ta fi, kowace uwa ta ɗauki littafi ɗaya ta bi shi da idonta kafin ta miƙa wa ɗanta. Wadda yaranta suka gama, ta kawo nata ta zauna da sabuwar uwa. Ba ya bukatar digiri, zama yake bukata.

Mun yi mata walimar ban kwana Alhamis ɗin da ta wuce, bayan an tashi daga gwanjo. An gasa nama, an yi jawabai, Hanlie ta yi kuka har kwalliyarta ta lalace. Da aka kusa tashi, sai Mzwandile ya miƙe, mutumin da za ka yi shekara ba ka ji jimla uku a jere daga bakinsa ba. Ya juya hularsa a hannu, ya dubi Tannie.

"Mama, ni ban iya magana ba. Watan jiya ciwon ya sake tasar wa Asemahle. Suna tsakiyar lissafi ne a tebur." Ya sake juya hular. "Ta faɗi, Mama. Amma a hannun uwarta ta faɗi."

Ya zauna. Babu wanda ya tafa, babu wanda ya iya.

Mun gode, Tannie Magrieta. Allah ya saka miki, ya ba ki masu riƙe ki kamar yadda kika riƙe mana namu.