Sunaye Biyu a Allon Kamfani

Mai Sabulu ake kiranta a unguwa, amma ba ita kaɗai ta fara sana'ar ba. Ita da ƙanwarta Auta suka yi ta dama soda da mai a tsohon baho bayan kicin, har fatar hannun Auta ta saɓule.

Da kasuwa ta buɗe, aka zo rajistar kamfani, sai ta tsallake Auta ta ɗauki wata maƙwabciya mai mota, wadda ta san masu manyan kantuna. Ba ta yi zaɓen tumun dare ba, don matar akwai amana, kuma kafin a ankara sabulun ya shiga gari-gari.

Ranar da aka kafa allon kamfanin, Auta ta tsaya ta karanta sunayen biyu a hankali.

"Yaya, ya yi kyau wallahi," ta ce, ta gyara ɗaurin zaninta ta koma bakin aiki.

Da faɗa ta yi, da tuni an wuce wurin. Har yau Mai Sabulu ba ta iya haɗa ido da ita, kullum tana ce wa ranta gobe za ta yi mata magana.