Kawu Me-Ya-Hana da Buhun Wake Guda

Duk wanda ya zauna a kasuwar Mayil Wan ta Fatakwal a shekarun nan ya san halin mutumin. In ka tsaya gaban teburin Kawu Ɗanjuma ka sayi abu, ko kallon kirki ba ka samu, canjinka kawai zai miƙo yana kallon titi. Amma ka taɓa kaya, ka taya, ka ajiye ka wuce? To ka ja wa kanka. Sai ya zura silifas ya biyo ka. "Bawan Allah, tsaya! Ba cewa na yi ka saya ba. Me ya hana?" Haka sunansa na yanka ya ɓace, har matan Ibo na kasuwa Papa Meyahana suke ce masa.

Ni ɗan ƙanwarsa ne. Da aka gama yaƙin basasa ya dawo Fatakwal ya tarar da wani a rumfarsa, sai ya kafa tebur a gefe. Ni kuma na biyo shi da kuɗin gonar Inna a ɗaure a ƙugu. Gonar ke nan guda, ta sayar ta ba ni jari, ta ce, "Habu, babu wata a bayanta." Ku riƙe wannan.

Kafin in sayi ko ƙwayar wake, wajen mai fenti na fara zuwa. Aka rubuto mini allo, girmansa ya kusa ƙofar masallaci: Habu da 'Ya'yansa, Dillalan Hatsi, Fatakwal, Anacha, Inugu. Kawu ya sa na karanta masa sau biyu.

"Habu, yaushe aka yi auren ban ji ba?"

"Ai saboda gaba ne, Kawu."

"To. Anacha fa, ka taɓa zuwa?"

"Na wuce ta cikin mota."

"Ido biyu?"

Ya ɗauki allon ya kifa shi a kan gwangwanayen kananzir biyu, rubutun yana kallon ƙasa. "Ga teburinka. Ranar da abin da aka rubuta ya zama gaskiya, sai mu juya shi."

Na ce zan yi odar wake mota guda daga gida. Ya ce buhu ɗaya. Na ce Kawu, garin nan kuɗin mai ake ta zubarwa, kowa gudu yake! Ya ce, "Buhu ɗaya. In wauta ce, wautar buhu ɗaya uwarka za ta iya yafewa."

Kwana uku ina zaune da buhun nan, ni da ƙudaje. Har suna na fara raɗa musu. A rana ta huɗu ga wata madam cikin kayan ofis, ta damƙi waken ta baza a tafin hannu, ta yamutsa fuska, ta zubar ta yi gaba.

"Tashi ka bi ta," in ji Kawu.

"Haba Kawu, matar mutane?"

Kafin in rufe baki ya cafki hannuna. Ta shiga bas, muka shiga. Ta sauka ta sake wata, muka sake. Wallahi da kwalekwale ta shiga da mun bi ta har teku. A unguwar Borokiri ta juyo ta ɗaga laima za ta kwaɗa mana.

"Aboki, wetin I do you?"

Kawu ya rusuna kamar ya zo gaida surukarsa. "Madam, no vex. Me ya hana?"

Da ta gane ba mahaukata ba ne sosai, sai ta sauke laimar. Ta ce sai yamma take tasowa daga aiki, ga yara huɗu, wa ke da lokacin zama tsintar tsakuwa? Makon da ya wuce ma maigidanta ya fasa haƙori a kan waken 'yan'uwanmu.

Kawu ya dube ni. "Ka ji ko? Da mota guda ka kawo, da tsakuwa mota guda ka kawo."

Dawowa kuwa a ƙasa muka tako. Na ce Kawu, ga bas! Ya ce, "Zuwa karatu ne, shi ya sa na biya. Dawowa me za ka koya?"

Na samo faifai na zauna ina tsintar wake ƙwaya ƙwaya. Mahauta suna wucewa suna cewa, "Amarya, sannu da aiki!" Na sa wa waken kuɗi sama da na kowa. Kafin Juma'a buhun ya ƙare. Madam ta dawo da matan ofishinsu, kamar an taso makaranta.

Da abin ya fara kankama sai ga wani Sani daga Anacha, agogo har biyu a hannu, yana so mu haɗa jari. Kawu ya ce a zo a ci abinci tukuna. Mu uku, kwano ɗaya, tsoka biyu. Sani yana ta zuba bayani a kan amana, hannunsa kuma yana aiki. Kafin ya kai ƙarshen amanar, tsokokin nan sun riga mu gidan gaskiya. Da ya tafi Kawu ya ce, "Wanda bai jira ka a kan tsoka biyu ba, a kan tirela zai jira ka?"

Anacha dai na je daga baya, da ƙafata, ido biyu. Kasuwar Ogbete ta Inugu ma haka. Kowacce da buhu ɗaya na fara, ina bin masu wucewa kamar yadda aka koya mini. Gonar Inna ta dawo hannunta tana da rai, har da ta maƙwabcin. Aure ya zo, 'ya'ya suka zo. Ran nan Kawu da kansa ya ce a juya allo. Muka taru, har na sa babbar riga. Aka juya, ashe danshin Fatakwal ya cinye rubutun tas. Ko a jikinsa. Ya ce, "Shekara nawa kana ciniki a kansa, wa ya taɓa tambayar sunanka?"

Da ciwo ya kwantar da shi, na kai masa wake da shinkafa asibiti, daga waken rumfata. Ya kai loma ɗaya ya ture kwanon. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba.

"Kawu, me ya hana?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya kama hannuna ya ce, "Ja'iri. Sai yau ka sauke karatun."

Bayan kwana biyu ya rasu. Ya koya mini duk wanda ya juya zai tafi in bi shi in tambaya. Shi kaɗai ne ya tafi ban iya bin sa ba.

Allah ya jiƙan Kawu Ɗanjuma, ya sa ya huta. Ranar da za a tambaye shi, Allah ya sauƙaƙa masa amsa. Amin.