Na Huɗu a Bangon Baba

A falon gidanmu na kwatas ɗin reluwe a Kafanchan, kusa da kalandar coci, akwai ƙusoshi biyar jere daga sama zuwa ƙasa. Kowace ƙusa da hoton ɗan dambe, damben Turawa na safar hannu, wanda Baba ya yanko daga mujalla ya manna a kwali. Na can sama shi ne gwanin da ba a taɓa yin kamarsa ba tun da aka fara dambe a duniya, in ji Baba, mai bi masa na biyu, haka har ƙasa. Ko ƙura za ka share a wajen sai ka nemi izini.

Baba direban jirgin ƙasa ne, dattijo kuma a coci. Bai taɓa naushin ko kaza ba. Amma ka taɓo masa dambe, to ka nemi kujera, ka yi sallama da abincin ranarka.

Mama ba ta iya kiran sunayen mutanen nan ba, sai ta raɗa musu nata, kuma nata ne suka zauna. Na ɗaya Shiru-shiru, tsohon zakara wanda Baba ya fara jin labarinsa tun yana saurayi. Na biyu Ɗan Gida, don ɗan ƙasarmu ne. Na uku Kan Dutse, wani gajere da aka ce duka ba ya shigarsa. Na huɗu Mai Baki, wanda duniya take yayi a shekarun saba'in ɗin nan, kyakkyawa, ga rawar ƙafa ga cika baki. Ƙusa ta biyar ba ta da mai ita, yau wannan gobe wancan, yadda Baba ya tashi.

Kowace Lahadi bayan sujada a coci abokan aikinsa sukan cika falon. Kowa da yarensa, don haka da Hausa ake musun, Hausar reluwe wadda ba ruwanta da mace ko namiji. A nan na girma, a nan na koyi ɗaga murya. Cikin 'ya'yan Baba ni na ɗauko bakinsa, kuma ban ga abin kunya a ciki ba har yau.

Ina koyarwa a firamare na haɗu da wani malamin lissafi, mutumin Nok, yana aiki a wata makaranta ta wajen Kagoro. Dogo, siriri, ga dariya. Yakan rako ni yana tura kekensa, yana ba ni labarin Mai Baki, har ya jingine keken a bishiya ya nuna mini yadda ake kauce wa naushi, mata masu dawowa daga kasuwa suna kallonsa suna riƙe baki. Hoton Mai Baki na manne a murfin akwatinsa. Na ce a raina, wannan ai Allah ne ya haɗa, shi da Baba ba za su gaji da juna ba.

Ashe ban yi lissafi da al'ada ba. A wajensu, da wajenmu ma, mai neman aure ba ya zama a kujera gaban surukinsa, ba ya haɗa ido da shi, ba ya cin abincin gidan, kuma ko za a ce masa rana a gabas, can wajen Kagoro, take faɗuwa ba zai ce a'a ba. In ya kuskura ya mayar da magana, sai ya kawo zakara ya ba da haƙuri. Kawunsa, wanda yake masa jagorar neman auren, ya ja masa kunne sosai: duk abin da dattijo ya faɗa, amsarsa ɗaya ce.

Ranar da malamin ya fara zuwa ya tsuguna bakin ƙofa, hula a hannu. Baba ya nuna bango ya ce, "Malam, ka san waɗannan?"

"Kaɗan-kaɗan, Baba."

Kaɗan-kaɗan! Mutumin da ya hana ni sakat da su wata da watanni!

"Shiru-shiru ne na ɗaya."

"Haka ne, Baba."

"Mai Baki kuwa surutu ne kawai."

Ya murza hular a hannunsa. "Haka ne, Baba."

Mako na gaba Baba ya juya zancen da gangan, ya ce ya yi tunani, Kan Dutse ya fi Shiru-shiru. Haka ne, Baba. Can kuma ya ce a'a, ya fasa, Shiru-shiru na nan a wurinsa. Haka ne, Baba. Abokan Baba suna ta yaba ladabin yaron. Ni kuwa na dubi Baba, na san fuskar nan, irin wadda yake yi in an sa gishiri kaɗan a miya.

Wata safiya yana aske gemu a tsakar gida ya kira ni. "Malaminki yaron kirki ne," ya ce, yana kallon madubi. "Amma ba zan ba shi ke ba."

Na ce, "Me ya yi, Baba?"

"Bai yi komai ba, shi ne abin. Ni a kan injin, in mai zuba min kwal ya hango jar alama ya yi shiru don yana jin kunyata, mu da fasinja duk mun tafi. Ban taɓa yarda a haɗa ni da mai haka-ne ba. Ke kuma bakina gare ki. Za ki faɗa ya ce haka ne, ki sake faɗa ya ce haka ne, yana tarawa a ciki. Ran da cikin ya cika, ke za ki sha."

"Al'ada ce fa, Baba! Ku kuka kafa ta!"

"Ni da na je neman uwarki, sai da na kai zakara biyu."

Mama daga kicin ta ce, "Uku."

Na yi faɗa, na yi kuka, na ƙi shan kunu. Baba ya gama askinsa ya tafi aiki. Kawun kuwa an riga an sa masa rana, Lahadi mai zuwa zai zo jin amsa, kuma na san amsar.

Na shiga mota zuwa Kagoro na sami malamina yana gyaran takardun yara. Na ce masa, "Ranar Lahadi ka yi musu da Baba."

Ya ajiye jan biro. "Musu? Da mahaifinki? Gaban kawu?"

"Ka faɗa masa abin da kake faɗa mini a hanya."

"Haba! Ai sai a ji har Nok. A ce ɗan wane ya je gidan surukai ya zubar mana da mutunci. Uwata da wane ido za ta shiga coci?"

"To ka auri kawunka," na ce, na ɗauki jakata. Ban gaya masa abin da Baba ya ce ba. Na so in ya yi, ya yi don kansa. A mota ina dawowa na yi ta cizon yatsa, don ina son mutumin nan kamar me, kuma na ga alamar zan rasa shi saboda ladabi.

Lahadi ta zo. Falo ya cika. Kawu yana kan kujera cikin babbar riga, malamina tsugune a bakin ƙofa cikin farar taguwa da takalmin zuwa coci, ni da Mama muna bayan labule. Aka gaisa, aka kawo kunun acca. Kawu ya gyara murya zai shiga maganar da ta kawo su, sai Baba ya ɗaga hannu ya miƙe.

Ya je bango ya zare Mai Baki daga ƙusa ta huɗu. Ya juya shi gaba da baya. "Na gaji da ganin wannan," ya ce. "Ba ɗan dambe ba ne, ɗan rawa ne. Gudu yake yi ana binsa. Ko ta biyar bai cancanta ba. Ko ba haka ba, Malam?"

Kawu ya taɓa malamina da ƙafa.

"Haka... ne, Baba."

Na runtse ido. Baba ya leƙo labule ya miƙa wa Mama kwalin. "Ungo, ki riƙa fifita wuta da shi. Tun da iska ce aikinsa."

Mama, wadda ba ruwanta da dambe amma ta san mijinta, ta karɓa, ta wuce ta gabansu a hankali tana fifita da shi, ta nufi murhu.

"A'a!"

Kowa ya waiga. Malamina yana tsaye. Tsaye, a gaban Baba!

"Mama, don Allah a dakata. Baba, ka yi haƙuri, amma ba haka ba ne. Ba haka ba ne ko kaɗan! Gudu? Wanda ya ba ka baya shi ne mai gudu. Wannan fuskarsa na gabanka, hannayensa a ƙasa, yana ce maka kawo, ka kai naushi ka sami iska. Ƙato guda mai nauyin buhun citta, yana yawo a kan yatsun ƙafa! Wa ya taɓa yin haka?"

"Shiru-shiru ba ya buƙatar yawo," in ji Baba, idonsa ya kawo haske. "Taku ɗaya, naushi ɗaya, a kawo ruwa."

"Sai in ya same shi! Da me zai same shi? Kuma cika bakin da kuke faɗa, ai faɗa yake kafin ya yi, sannan ya yi. Wanda ya yi shiru in ya faɗi ba mai masa dariya. Wannan kullum da wuyansa yake shiga!"

"Zauna, yaro!" kawu yake ta cewa, yana jan wandonsa. "Wayyo, ya kashe mu!"

Ina! Ya riga ya yi nisa. Ya jefar da hula, ya dunƙule hannu, ya fara rawar ƙafar nan a kan simintin Mama da takalmin coci, hagu, dama, baya. Baba ma ya tattare hannun riga ya sunkuyar da kai yana matsowa irin na Shiru-shiru. Abokan Baba suka rabu biyu suna ihu. Malamina ya ja da baya zai kauce, dunduniyarsa ta daki kwanon kunu, kunu ya wanke ƙafar kawu tas.

Nan ya farka. Ya dubi kunun, ya dubi kawu, ya dubi Baba, ya sulale ya tsuguna, kansa a ƙasa. Na ji tausayinsa har hawaye suka zubo mini, ga dariya kuma ta shaƙe ni, na cusa labule a baki.

Kawu ya fara ba da haƙuri, wai za a kawo zakara, wai yaron ba halinsa ba ne. Baba yana haki yana share gumi. Ya karɓi kwalin daga hannun Mama, ya goge shi da gefen rigarsa, ya mayar a ƙusa ta huɗu.

"Zakara kam za a kawo," ya ce. "Babba. Kuma halinsa ne, kar ku ɓata masa." Ya jawo kujerarsa ta kusa ya tura wa malamina da ƙafa. "Hau nan, ba na musu da mutum yana ƙasa. Lahadi mai zuwa ka zo da wuri, ban gama da kai ba. Ka taho da iyayenka su ga yadda zan kayar da kai, in mun gama sai mu sa rana."

Mama ta rangaɗa guɗa a kunnena har sai da na yi tsalle.

Sun yi musun nan shekara da shekaru, kowace Lahadi, ba wanda ya matsa ko taƙi. Yaranmu suka taso a ciki. Ni ma na sha nawa a'a a gida, kuma Baba ya yi gaskiya, magana ba ta taɓa kwana a cikin mijina ba. Da tsufa ya zo, ciwo ya riƙe wa Baba harshe, mijina yakan shiga falon ya gaishe shi, ya ɗauki Mai Baki ya rataye a sama. Baba ya yi ta buga sanda a ƙasa, ido na dariya, har sai an mayar.

Bayan mun binne Baba, Mama ta tattara kwalayen ta ba mijina. Ya kafa ƙusoshi biyar a falonmu. Na tsaya ina kallo, na ce to, yau dai Mai Baki zai hau sama, ba mai buga sanda. Ya daɗe riƙe da shi. Sai ya rataye Shiru-shiru a sama, Ɗan Gida, Kan Dutse, sannan Mai Baki.

Na ce, "Ka yarda ke nan?"

"Wa? Ni?" ya ce, yana share ido da bayan hannu. "Ba haka ba ne ko kaɗan. Amma in na gyara, da wa zan yi musu?"