Biskit Marar Ƙwai da Robar Umma

A makarantarmu a Rano, da an kaɗa ƙararrawar tara sai 'yan ajinmu su nufi gindin darbejiya. Su shimfiɗa leda, kowa ta zube abin da ta zo da shi a tsakiya: awara, cincin, gyaɗa, wani lokaci biskit ɗin kanti mai kirim a ciki. Haɗaka suke kiran abin. Ba a gayyatar kowa, hannu kawai ake miƙawa. Ni kuwa nawa hannun ba ya miƙuwa. A aji nake zama, kusa da taga, in ci abincina ina jiyo dariyarsu.

Bara aka kawo wata sabuwar yarinya daga Kibiya, an yi wa babanta canjin aiki zuwa asibitin garinmu. Ranar farko suka ja ta gindin darbejiya, suka miƙa mata cincin. Ta tambaya, "Da ƙwai a ciki?"

Wata ta ce, "Ke 'yar gayu, sai an karanto miki abin da aka zuba?" Aka kwashe da dariya.

Don kunya ta ci ɗaya. Washegari na ga leɓenta ya kumbura, wuyan hannunta duk ƙuraje, tana jan hijabi tana rufewa. Na ji tana gaya wa malamarmu a hankali cewa ƙwai da madara ba sa karɓar ta. Daga ranar ta daina fita. Muka zama mu biyu a aji, ita a gaba ni a baya, babu mai cewa uffan.

Na lura da abu ɗaya. Duk sanda wata ta shigo tana raba biskit mai kirim biyu tana lasa, sai idonta ya bi hannun, sannan ta mayar da shi kan littafi. Ina son in yi mata magana. Kullum nakan shirya abin da zan faɗa tun daga gida, in zo aji ya maƙale.

Umma tana yi wa mutane cincin da kek na biki. Na tambaye ta ko ana yin biskit ba ƙwai, ba madara, ba bota.

Ta ce, "Sai ki yi dubulan ki huta mana."

Na ce, "Mai abu a tsakiya nake so."

"Wa za ki yi wa?"

Na kau da kai. Ta dube ni, ba ta sake tambaya ba, ta turo min robar fulawa.

Lokacin mangwaro ne, Kawu ya aiko mana da kwando daga lambunsa na Saji. Ranar Lahadi da hantsi na zaɓi waɗanda suka nuna luguf, na matse, na tace zaren da rariya, na ɗora da sukari da ruwan lemon tsami don in yi jam, abin da zan shafa a tsakiyar biskit ɗin. Yana tafasa yana tsalle, har ya ɗiso min a bayan hannu. Umma ta ce in bari sai ya riƙa tsayawa a cokali. Na gaji da juyawa, na sauke tun yana zuba.

Kwaɓin kuwa fulawa ce da sukari da man gyaɗa da ɗan bekin foda. Ba mu kunna oben don abu kaɗan, saboda haka na zuba yashi a gindin babbar tukunya, na ɗora faranti a kai, na sa garwashi a kan murfi. Na farko suka fito suna rugujewa kamar ƙasar gini, tunda babu ƙwan da zai riƙe su. Umma ta ɗebo ɗan mangwaron da na tace ta zuba a sauran kwaɓin, ta ce in murza da kauri. Da murfin kwalba na yanka su. Waɗannan suka tsaya, gefensu ya yi ja.

"Kada ki haɗa su yau," in ji Umma. "Ki bari sai da safe."

Amma ina son in ga sun yi kama da na kanti. Tana shiga ɗaki na shafa jam ɗin, na manna su biyu-biyu, na jera a ƙaramar robarta mai shuɗin murfi.

Ranar Litinin, da aji ya watse, na tashi na ajiye robar a kan bencin yarinyar.

Ta ce, "Ayya, yau azumi nake, ramuwa nake yi."

Na kalli bencin na ce, "Babu ƙwai. Babu madara."

Ta daɗe tana kallon robar. "Ni kika yi wa?"

Na gyaɗa kai. Ta sa a jaka, ta ce da shi za ta sha ruwa.

Da na koma gida na buɗe waɗanda na rage. Jam ɗin ya ratsa su, sun zama kamar jiƙaƙƙen burodi. Na zauna bayan ɗaki ina tunanin yadda nata za su kai magariba. Na so a ce babu makaranta gobe.

Ranar Talata ta tako har bencina na baya, ta ajiye robar. Na ɗaga, na ji ta da nauyi. Aya ce a ciki, soyayya da sukari. A gidajenmu ba a mayar da kwano haka nan babu komai a ciki, amma ban taɓa zaton za a yi min ba.

Ta ce, "Kin san da cokali na ci? Fate kika yi min, malama, ba biskit ba." Ta yi dariya, ni ma na ji tawa ta fito. Ta zauna, muka ci ayar, tana ba ni labarin kakarta ta Kibiya.

Haka robar ta riƙa kai da komo har mangwaro ya ƙare. Ranar da aka ba da dogon hutu ni ce na cika ta, ta tafi da ita. Da aka dawo bencinta babu kowa. Na kwana biyu kafin in iya tambayar malama, ta ce an sake yi wa babanta canji, ita kuma an mayar da ita wurin kakarta.

Bana Kawu ya sake aiko da mangwaro. Na tsaya har jam ɗin ya tsaya a cokali, ban haɗa ba sai da safe. Sun yi ƙaras-ƙaras. Na ci su a bakin taga, ina jiyo 'yan haɗaka.

Umma takan tambaya ina robarta mai shuɗin murfi. Nakan ce tana Kibiya. Ban ce mata ta ɓata ba, domin na san wadda take hannunta ba ta mayar da kwano haka nan.