Kaset Ɗin da Barakatu Ta Juye wa Ubanta

Gwadabe ya zo aikin Hajji a 1979, bai koma gida ba. Dako yake yi a unguwar Sharafiyya da ke Jidda. Ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, ba shi da ɗakin kirki, amma rikodarsa ta fi ta kowa. Duk bikin da makaɗa suka zo, sai ya rungume ta ya liƙe wa mai kalangu yana ɗauka.

Da ya tsufa, matarsa Mastura ta rasu, ya roƙi 'yarsa Barakatu ta juye masa kaset-kaset ɗin cikin kwamfuta kafin zafin Jidda ya lalata su. Ta zauna ta saurare su duka. A tsakiyar wani kiɗa sai ga muryar uwarta: "Malam, jikin Jabiru ya rikice, zo mu kai shi asibiti."

Sai muryar Gwadabe: "Rufe min baki, kina ɓata min ɗauka!"

Jabiru ƙanen Barakatu ne, kuma ciwon nan ne ajalinsa. Wannan kaset kaɗai ta juye, sauran ta zuba a shara.

Yanzu duk sanda tsohon ya ce, "Barakatu, sa min kiɗa," sai ta ce, "Hadir, Baba," wato "an gama" da Larabci, ta ƙure sautin.