Ɗorawa a Gonar Aro

A dogon hutun shekara ta uku da na baro ƙauyenmu aka ce ina cikin malaman da za a yi wa bita kan daji da yadda ake kula da shi. Da na ji sai na yi dariya, irin wadda ba ta daɗi ba. Ni da daji ya koro, ni za a zaunar a koya wa daji! Ƙauyenmu yana ƙasar Zurmi, a firamarensa na yi koyarwa tun ina saurayi har furfura ta fara leƙowa. Da 'yan bindiga suka matsa mana, gari ya watse. Matata da yara na kai su wurin yayanta a Shinkafi, ni kuma aka liƙa ni a wata makaranta a Kaura Namoda, inda ba ni da ajin kaina, sai in wani malami bai zo ba a ce, "Malam, leƙa masu." Ɗakin zaure na samu nan Kaura a gidan wani dattijo mai sayar da hatsi a Kasuwar Daji. Baba nake ce masa. Shi ya ba ni aron gefen gonarsa a bayan gari, wai don kada hannuna ya manta fartanya.

A wani ajin sakandare aka yi bitar, tsakiyar damina, ruwa na dukan kwano har sai mai magana ya ɗaga murya. Mai koyar da mu ma'aikacin gandun daji ne, dogo siriri, ya kusa ajiye aiki. Na shiga da niyyar gyangyaɗi, amma bawan Allahn nan bai bar ni ba. Ya nuna mana yadda saiwa ke riƙe ƙasa kada ruwa ya zaizaye ta, da dalilin da ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashin gawo, tunda shi da damina yake zubar da ganye. Abin da ya fi zama mini shi ne maganar kututture. Ya ce kututturen da muke gani a gona bai mutu ba, saiwarsa na nan da rai, mu ne ke sare tohonsa duk bazara in mun zo sassabe. In manomi ya zaɓi toho mai ƙarfi ya bar shi, ya rage sauran, itace zai tashi ba tare da an dasa komai ba. "Dajin yana nan ƙarƙashin ƙafarku," in ji shi. "Ku dai ku ɗaga masa ƙafa."

In an tashi shan iska, kowa ya nemi nasa. 'Yan Kaura su yi gungu, 'yan Shinkafi su yi nasu, ana hirar wane hedimasta ne ya fi faɗa, wane aji ne ke yoyo. Ni ba ni da ajin da zan yi ƙorafinsa. Sai in sayi ƙosai in zauna a bakin baranda in ci ni kaɗai. Wallahi kewa ta fi ciwo a cikin mutane. Ranar da malamin bitar ya ce kowa ya faɗi itatuwan da ke harabar makarantarsa, na ce akwai tsamiya, a jikinta muke rataye ƙarfen da ake bugawa a shiga aji. Ban ce masa an daɗe rabon da a buga shi ba.

Da aka zo fita ganin daji, ba wanda ya ko ambaci daji. Wa zai kai malamai can? Bakin maƙabarta malamin bitar ya kai mu, domin nan kaɗai gatari bai shiga ba. Muka tsaya daga waje muka yi wa mamata addu'a, sannan ya dinga nuna mana marke da kanya da aduwa ta kan katanga. Wani ya ce ashe sai mun mutu za mu sha inuwa. Aka yi dariya, shi dai bai yi ba.

Ranar rufewa aka raba mana dashe a baƙar leda, kowa ya kai makarantarsa ya dasa tare da yara. Ni ɗorawa na ɗauka, saboda akwai ta a gonar mahaifina, kuma da kalwarta mahaifiyata ke daddawa. Malamin ya ja mana kunne: a dasa kafin ruwa ya ɗauke, don ɗorawa saiwarta ƙasa take nufa, in ta daɗe a leda sai ta nannaɗe, ko an dasa ba za ta yi kirki ba. Ya ce kuma ranin farko sai da ruwa da shingen ƙaya.

Na fara kai ta makarantar da nake zaman aro. Malaman can sun riga sun kama wurare masu kyau a gaban ofis. Hedimasta ya waiga nan ya waiga can, ya ce, "Malam, ko bayan masai za ka gwada?" Bayan masai! Ɗorawa! Raina ya ɓaci, na ce masa ya bar shi, makarantata aka ce, kuma ina da makaranta. Na ɗauki abata na fita ko sallama ban yi ba.

Washegari na tafi da ita gona. Na fara haƙa a kan iyaka ke nan sai ga Baba ya iso da sandarsa. Ya tsaya ya dubi ramin, ya dubi ledar.

"Malam, mi kake shirin yi?"

"Ɗorawa ce, Baba. Nan zan sa ta."

"A'a," ya ce, a hankali. "Shuka gero, shuka dawa, shuka wake, duk naka ne. Amma ba a dasa itace a gonar aro."

Na san wannan, ai ni ma ɗan manomi ne. Wanda ya dasa ɗorawa a gona kamar ya ce gonar tasa ce, gobe bayan ransa 'ya'yansa su zo tsinkar kalwa, magadan mai gona su ce da wa aka yi. Zumunci da yawa ya mutu a kan haka. Amma ban taɓa tsayawa a gefen wanda ake faɗa wa ba. Kunya ta rufe ni. Baba ya ga fuskata, sai ya dafa ni ya ce, "Kada ka damu. Kai baƙo ne, gida za ka koma. Ka kai ta can ka dasa cikin ƙasarku." Maganar nan ta yi mini daɗi fiye da yadda ya sani. Na mayar da ƙasa cikin ramin muka dawo gida.

Haka ɗorawa ta zauna a ƙofar ɗakina. In na yi alwala, a kanta nake yi don ruwan ya sauka cikin ledar. Akuyar gidan ta sa mata ido, kullum muna faɗa, har matar Baba ta riƙa tsokanata da cewa Malam ya samu ɗiyar goyo. Ni kuwa ba wasa ba ne a wurina. Ruwa ya fara yin nisa tsakani, gero ya fitar da kai, wata safiya na ɗaga ledar na ga farar saiwa ta huda gindinta tana neman ƙasa. Matata in ta kira daga Shinkafi tambayarta ɗaya ce: yaushe za mu koma?

Sai aka fara cewa hanyarmu ta ɗan lafa. Na samu wani ɗan kabukabu mutumin yankinmu, dattijo kamata, ya ce zai kai ni da hantsi amma ba zai kashe babur ba. Na rungume ledar a cinya, fartanya a kafaɗa, muka kama hanya. Daga inda kwalta ta ƙare ba mu gamu da kowa ba.

Ban gane gonar mahaifina ba. Sabara da kalgo sun fi ni tsawo. Kututturen gawon da muke sarewa duk shekara ya tashi sambal, ga 'yan marke nan birjik inda muke zuba gyaɗa. Filin makaranta inda yara ke layi da safe ya zama kurmi, geza ta leƙa ta tagar ajina. Tsamiya na nan, ƙarfen na rataye. Duk abin da malamin ya faɗa gaskiya ne, an ɗaga wa daji ƙafa, ya tashi. Ni da na zo da tausayin ƙasarmu, sai na tarar ko kewarmu ba ta yi ba. Wannan ya ƙona mini rai fiye da rufin ajin da ya rufta.

Na haƙa rami a gaban ajin. Ɗan kabukabu na cewa, "Malam, yi hanzari, don Allah." Na durƙusa zan yage ledar sai na ga sawun shanu ko'ina, sabo, kuma na san ba na mutanenmu ba ne. Wa zai yi mata shinge? Wa zai ɗebo mata ruwa da rani? In na sa ta nan, na kawo ta ne ta mutu don in ce na cika alkawari. Na mayar da ƙasa cikin rami karo na biyu, na hau babur da ita a cinyata.

Baba na zaune a ƙofar gida muka iso. Ya dubi ledar, ya dube ni.

"Kun iske mutane?"

"Ba kowa, Baba. Sai itace."

Baba ya tashi ya shiga gida. Da safe bayan mun karya ya ce in ɗauko ɗorawata mu tafi gona. Ya kai ni daidai inda ya hana ni, ya karɓi fartanyar, da tsufansa ya haƙa ramin da kansa. Ya kira maƙwabcin gona ya zo ya tsaya, don a samu shaida.

"Dasa," ya ce. "In ta yi 'ya'ya, ɗiyanka su ci. Na hwaɗi gaban wanga mutum, ba mai hana su."

"Baba, ba kai ka ce ba a dasa itace a gonar aro ba?"

"Ni na ce. Wannan ga baƙon da za ya koma gida nai ne."

Na yi masa godiya yadda ya kamata, don kyauta ce da ba kowa ke yi ba. Amma da na yage ledar, ina danna ƙasa hawaye na zuba, ban ɓoye ba. Ban taɓa jin alherin da ya yi mini ciwo irin wannan ba. Na saro ƙayar magarya na kewaye ta.

Da la'asar na kira matata na ce ta fara haɗa kayan yara, zan nemi ɗaki na biyu.

Ta ce, "Alhamdu lillahi! Gida za mu?"

Na ce, "Kaura."