Kunkurun da Yaya Ya Riƙe

Har yau in na tuna Lahadin da na ɗauki 'yata daga unguwarmu Thamesmead zuwa Edmonton, duk a London, don ta ba yayana haƙuri, sai raina ya ɓaci sabo fil. Shekarunta goma sha biyu lokacin, kuma duk abin da na ce mata gaskiya ne, a wurinta ya zauna. Laifinta shi ne ta buge wa Yaya hannu a cikin teku, a gaban mutane, saboda kunkuru.

A dogon hutun makaranta ne muka je wani tsibiri a tekun Indiya, mu da iyalin Yaya. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, a bayansa na zo London, kuma ban taɓa buɗe baki na ce masa a'a ba. Tun watanni kafin tafiyar ni da yarinyar muke zuwa wurin ninƙaya na unguwarmu duk Asabar da safe, muna koyon kifa fuska a ruwa da gilashi da bututun numfashi. Ni na karanto ƙa'idojin kallon kunkurun teku, ni na zaunar da ita na biya mata: ba a taɓa shi, ba a bin sa, ba a ba shi abinci. Babbar ita ce in ya nufo sama a ba shi hanya, don shi ba kifi ba ne, iska yake shaƙa kamar mu. Har rungume hannu a ƙirji na koya mata, ina ta jin daɗin kaina wai ni uba mai ilimi.

A cikin kwale-kwale mai yi mana jagora ya sake faɗin haka ɗaya bayan ɗaya. Yaya yana waya da Kano, bai ji ko kalma ba.

Ruwan garau yake, ana hango ƙasa. Muka tarar da kunkuru ɗaya, faɗinsa kamar murfin tukunyar biki, yana kiwo a ciyawar ƙasan teku hankalinsa kwance. Can sai ya ɗago ya nufo sama a hankali. Ai kuwa Yaya, da jar rigarsa ta hana nutsewa, ya sa hannu biyu ya damƙe gefen ƙoƙon bayansa, ya juyo da shi wajen matarsa da ke cikin kwale-kwale tana ɗaukar bidiyo. Kunkurun yana ta miƙa wuya, tsakaninsa da iska bai fi taƙi ɗaya ba, yana bugun ruwa da hannuwa, Yaya yana murmushi. Ina nan kusa, na gani sarai, na yi tsuru-tsuru. 'Yata da bututu a baki ba ta da halin magana. Ta yi iyo ta isa, ta buge masa tsintsiyar hannu sau biyu, ya saki. Kunkurun ya fito da kai ya ja numfashi da ƙarfi, ya nutse ya tafi abinsa.

Matar Yaya ba ta kalli bidiyon har ƙarshe ba ta tura shi zauren dangi na waya. Kafin la'asar an gani a Kano, an gani a Kaduna, an gani a Jidda. Saƙonni suka yi ta shigowa, wai wannan ce tarbiyyar London, wai mun saki yarinya ta zama Baturiya. Wata gwaggonmu ta aiko da murya mai tsawon huɗuba. Duk cikinsu ba wanda ya ambaci kunkurun. Mutanen da in ka ɗaure rago a rana ba ruwa za su tsare ka da wa'azi har ka gaji, su ne suka kalli dabba tana neman numfashi a hannun mutum, abin da ya tsone musu ido shi ne hannun yarinya.

Yaya ya sha kunu har muka dawo. Bayan kwana huɗu ya kira ni, ko gaisuwar kirki babu. "Ka kawo min ita ran Lahadi."

Matata ta ce, "Kai ka koya mata. In haƙuri ake so, ka je ka bayar da bakinka. Ni dai ba da ni ba."

Na ce mata magana ce ta minti biyar, a kashe wutar a wuce wurin. Na sa yarinyar a gaba muka hau bas zuwa Abbey Wood, daga nan jirgin ƙasa, muka sake wani jirgin. Tana jin Hausa tsaf amma da Turanci take amsawa, don haka a hanya na yi ta biya mata abin da za ta faɗa. Ta maimaita ba musu, don ni na ce.

Na ɗauka mu kaɗai za mu tarar. Ashe Yaya ya gayyato abokansa biyu na masallaci, suna zaune a falo ana shan shayi. Yarinyar ta cire takalmi, ta durƙusa a kan kafet, ta ce, "Baffa, ka yi haƙuri na buge maka hannu. Ba zan sake ba."

Na sauke ajiyar zuciya, na fara laluben makullina a aljihu.

Yaya ya ajiye kofi ya ce, "Ba mu gama ba. Na ji kin ce wai I was drowning it. Ni? Just photo na tsaya ɗauka. Ki faɗa a gaban iyayenki, na yi wa kunkurun nan wani abu?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ki ce ban yi masa komai ba."

Sai ta juyo ta kalle ni daga durƙushen, ta ce a hankali, "Abba, you saw it."

Idanu suka dawo kaina. Kalma biyu kawai ake nema a bakina, in ce na gani. Na kalli kafet, na kalli Yaya, na ji muryata tana cewa, "Faɗi abin da Baffanki ya ce."

Ta faɗa, da Hausa mai kyau. Yaya ya sa mata albarka, aka kawo mana shinkafa. Ɗaya daga cikin abokan ya ce ai matsalar ƙasar nan ke nan, sun fi darajta dabba a kan mutum, aka yi dariya. Ni ma na yi yaƙe, na ci shinkafar.

Ina jin haushin Yaya har gobe, ba zan ɓoye ba. Haƙurin an ba shi, girmansa an mayar masa a gaban abokansa, me kuma ya rage da sai ya sa yarinya ta ƙaryata idonta? Ina jin haushin masu dariyar, da dangin da suka aiko da addu'ar shiriya da suka ji an sasanta. Amma su duka ba su yi mata alkawarin komai ba. A hanyar dawowa ba ta yi kuka ba, ba ta yi fushi ba, ta jingina da tagar jirgi tana kallon waje har muka sauka. Na ce a raina yarinya ce, gobe ta manta.

Bayan kamar mako uku wata motar kai kaya ta goge motar maƙwabciyarmu a ƙasan bene ta gudu. Matar, wata 'yar Ghana mai kirki, ta hawo ta buga ƙofa tana tambaya ko wani ya ga abin da ya faru. 'Yata tana baranda lokacin tana shanya kayan makaranta, na san ta gani. Na kira ta na ce ta faɗa wa Anti abin da ya auku.

Ta zo ta tsaya, ta gaishe da matar da ladabi. Sannan ta matso kusa da ni, ta rage murya don kada baƙuwa ta ji. Ba gatse a muryarta, ba tsiwa, tambaya take tsakani da Allah.

"Abba, me kake so in ce na gani?"